Randar da Gwaggo ba ta bari a wanke mata

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya ara mana rai kuma yake karɓar abinsa a lokacin da ya so. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu.

Masu ta'aziyya sun watse. An naɗe tabarmin aro an mayar wa masu su, gida ya koma namu. Jikina duk ya mutu, maiɗakina kuwa ta fi ni jigata, ga ta can a bakin murhu tana gyangyaɗi da rana tsaka. Da don ta jikina ne da na kwanta. Amma wadda muka kai makwancinta ba ta bar ɗa ba, ba ta bar jika ba, kuma a garin nan na Gaya, inda kullum wani ke sauke kaya wani ke ɗaurewa, ba a daɗewa ana tuna mutum. Yanzu ma hirar zaure duk ta koma kan gadar da ake ginawa a kogi da maganar wai Nasara za su tafi. Shi ya sa na jiƙa tawada na zauna. Yayar mahaifina ce. Gwaggo muke ce mata, unguwa duka ta ɗauka, har waɗanda suka girme ni.

Ranar rasuwar ina tsaye a bakin zaure ina karɓar gaisuwa, sai na lura da wani abu. Duk macen da ta zo shiga sai ta tsaya ta karkaɗe ƙafarta a dokin ƙofa, ta duba tafin, sannan ta wuce. Babu wanda ya ce su yi. Wata maƙwabciyarmu tana cikin karkaɗewa ta tuna wadda take yi dominta ba ta nan, nan take ta durƙushe ta fashe da kuka tun ba ta kai tsakar gida ba.

Tsohuwar ƙawarta, mai sayar da busasshen kifi daga wajen Tunuga, ta iso da la'asar. Ta yi mana gaisuwar haƙuri irin ta mutanen kogi, fonda tilas, ta zauna cikin mata ta ɓare goro. Da bakinta ya cika ta waiga dama ta waiga hagu, ta dafa ƙasa ta miƙe da gwiwoyin nan nata masu ciwo, ta nufi waje.

Wata yarinyar mata ta ce, "Inna, ki tofar a nan mana, ai ba ta nan."

Tsohuwar ta nuna ta da yatsa, sai da ta je bakin hanya ta tofar ta dawo sannan ta ce, "Ita ce ba ta nan. Tsoronta ai ba a binne shi da ita ba."

A zaure wani direban kamyo, babbar motar kaya, ya ce daga Doso har bakin kogi bai taɓa shan ruwa irin na gidanmu ba. Wani dattijo ya gyara zama ya ce, "Allah ya jiƙanta, amma fa ta yi faɗa." Babu wanda ya musa masa. Kafin sadakar uku tsakar gidan ta cika da ɓawon gyaɗa da tukar rake, ƙuda ya samu wurin zama. Na yi ta saurare ko zan ji muryar da za ta ce, "Wa ya gayyato ƙudan nan?" Ban ji ba.

Ba tarihinta zan jera ba, don ban san shi duka ba. Abin da nake so ya zauna a takarda shi ne randarta, da yadda idonta ya tafi ya bar ta da ita, da faman da aka yi a gidan nan kada aikin da ya riƙe ta a duniya ya fita daga hannunta.

Tun ban yi wayo ba ta dawo gidan ƙanenta daga wani ƙauyen bakin kogi, bayan mijinta ya rasu. Mahaifiyata ba ta daɗe ba ita ma ta rasu, sai riƙona ya koma hannun Gwaggo. Na girma ina zaton ba ta taɓa haihuwa ba. Sai a zaman makokin nan ƙawarta ta gaya mini ta haifi ƴaƴa, kuma a damina ɗaya ta rasa su duka, shekarar da kogi ya cika ya shiga rijiyoyin ƙauyen, amai da zawo ya bi gidaje. Ita dai ba ta taɓa ɗaga mini maganar ba, ni ma ba zan ɗora mata fassarar da ba ta yi da bakinta ba.

Da an sallame asuba za ka ji ta tana yayyafa ruwa a tsakar gida kafin ta sa tsintsiya, don kada ƙasa ta tashi ta sauka a kan abinci. Tsintsiyar ɗaki dabam, ta tsakar gida dabam, ta makewayi kuwa a bayan katanga take kwana, ba ta haɗuwa da sauran. Daga ƙuryar ɗaki take farawa, tana ja da baya har ƙofa, kuma sai ta ɗaga kowace tabarma. Kowace safiya sai ta zuba toka a salga ta rufe bakin da tsingaro. Rariyar da ruwan wanka ke bi ya fita waje, da kara take tsokace ta har ruwan ya wuce, ta ce ba za a ɗauki alhakin masu wucewa a ƙofar gidan ƙanenta ba. Kwanuka da ƙore da toka da soso ake wanke su, a kife su a kan gadon kara a rana. In an miƙa mata ƙwarya ba dubawa kawai take yi ba, sai ta kai hanci. In ta ji abin da bai yi mata ba sai ta mayar ta ce, "Wankewa kika yi ko gaisawa kuka yi?"

Randar kuwa ita ce sarautarta. Babba ce, baƙa, an binne ta har ƙugu cikin yashi a ƙarƙashin rumfar ƙofar ɗakinta, kullum yashin a jiƙe. In ɗan ga-ruwa ya kawo ruwa ba ya zuba shi ciki. A kwatarniya yake juyewa ya kwanta tukuna, sannan Gwaggo ta tace shi da farin ƙyalle, ta jefa ɗan ƙullin saiwar jema don ƙanshi, ta rufe da faifai. Akwai ludayi mai dogon mariƙi a rataye, shi ne na ɗiba. Akwai moɗa a gefe, ita ce ta sha. Na ɗiba ba ya zuwa baki, ta sha ba ta shiga randa. Kowa yana iya ɗiba, amma wanki nata ne ita kaɗai. Duk bayan ƴan kwanaki sai ta kwashe ruwan tas, ta zura hannu har kafaɗa ta goge cikin da soso da toka, ta ɗauraye, ta tsane gindin da tsumma, ta turara ta da hayaƙi. Hannun kowa bai taɓa shiga cikin randar nan ba sai nata.

Ina saurayi aka yi rigimar da har yau ake ba da labarinta. Mahaifina yana da amini, babban falke mai safarar goro, wanda in ya haye kogi daga Dahome a gidanmu yake sauka, kuma ba a yi masa shamaki da cikin gida. Ran nan ya shigo da ƙishirwa, ya sauke ludayin ɗiba ya kafa kai ya sha, ya sake tsoma shi cikin randar ya ƙara. Gwaggo tana kallonsa. Ta tashi ta ɗauko masaki ta fara kwashe ruwan tana sheƙawa a gindin bishiya, shi yana tsaye yana kallo.

Mahaifina ya ce, "Yaya, don girman Allah."

Ta ce, "Kai ka ba shi wurin zama. Ni in na gama zan ba shi ruwa."

Falken ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba ya ce, "Yaya, bakin nawa ne ya yi ƙazanta haka?"

Ta ce, "Bakinka naka ne kai kaɗai. Ruwan na mutane ne."

Ya daɗe bai sake sauka gidanmu ba. Mahaifina ya yi fushi ya fita, amma fushin bai wuce la'asar ba, don ya saba, ba ya iya shan ruwan wani gida.

Wanda ya ce ta yi faɗa bai yi mata ƙarya ba. Amma ga wata. Akwai matar wani ma'aikacin jirgin fito, baƙuwa daga ƙetaren kogi, ba ta da kowa a garin nan. Ciwon kurkunu ya kwantar da ita ƙafa biyu, ga ƙananan yara, ɗakin ya kai mutane daga ƙofa suke yi mata sannu su wuce. Gwaggo ta ji, ta ɗauki tsintsiya da toka ta tafi. Matar ta fara kame-kamen kunya, tana neman inda za ta ce ta zauna. Gwaggo ta ce, "Ban zo gaisuwa ba, ja ƙafarki." Kullum safiya sai ta je, ta share, ta wanke, ta yi wa yaran wanka, har matar ta taka. Da ta warke ta zo godiya da kifi, Gwaggo ta karɓi kifin, ta zaunar da ita ta yi mata faɗa a kan bakin tulunta da ba ta rufewa. A makokin nan babu wadda ta kai matar nan kuka.

Maiɗakina daga Bengu aka kawo ta, shi ya sa Gwaggo ba ta taɓa kiranta da wani suna ba sai Ƴar Bengu. Ta zo tana ganin ta iya aiki, don a gidansu ita ake yabo. Shekarar farko ta sha kuka a bayan ɗaki. Ta taɓa ce mini, "Malam, ko dai a garinmu ba shara muke yi ba, zane muke yi wa ƙasa?" Na ce ta yi haƙuri. Ta yi. Shekaru suka tafi, mahaifina ya rasu, yara suka zo, ta koyi komai irin na Gwaggo har ta zama in ba ka ga mai yin ba ba za ka bambance ba. Duk da haka ba a taɓa ce mata ta yi daidai ba, kuma ba a taɓa barinta ta taɓa cikin randa ba.

Sannan ido ya fara. Ciwon nan ne da ke kama mutanen bakin kogi, ya fara da ƙaiƙayin jiki ya ƙare da duhu. A hankali ya zo mata. Na ce mu je likita, ta ce idonta lafiya lau, ranar yanzu ce ba ta da haske irin ta da. Ƙafarta ta san gidan, hannunta ya san inda komai yake, saboda haka baƙo ba zai gane ba. Maiɗakina ce ta fara ganewa. Gwaggo za ta share tsakar gida ta bar kashin kaji a tsakiya. Za ta wanke akushi ta kife shi da sauran tuwo a gefe. Ta gama ta zauna tana haki, fuskarta a sake, ta sauke nauyin ranar.

Maiɗakina ba ta gaya mata ba. Sai ta riƙa jira Gwaggo ta shiga makewayi ko barcin hantsi ya ɗauke ta, ta bi bayan sharar da tsintsiya mai laushi, a duƙe, ba ƙara. Kwanukan ta kwashe su ɗaya-ɗaya ta kai bayan ɗaki ta sake wankewa ta mayar inda suke. Aikin gidan nan ya zama sau biyu ake yinsa, na biyun kuma a ɓoye. Ga daka, ga girki, ga goyo. In Gwaggo ta farka ta neme ta ba ta ji motsinta ba sai ta ce, "Ƴar Bengu an tafi hutawa. Matan yanzu, ni tsohuwa in yi shara in yi wanke-wanke, su sai kwanciya." Maiɗakina ta ce, "Ki yi haƙuri, Gwaggo." Ta rame a shekarar nan har danginta suka tambaye ni ko lafiya.

Randar ce ta gagara. A gindinta Gwaggo take wuni, a kan tabarma, kunnenta kuwa ya ƙara kaifi tun da ido ya tafi. Ko faifan aka ɗaga sai ta ce, "Wa ke nan?" Balle ƙarar soso. Tana wanke ta kamar yadda ta saba, amma ƙarfin hannun ya ragu, gindin ba ya tsanewa, faifan kuma ya ɓule a gefe ba ta gani ba. Da damina ta sauka, wata safiya maiɗakina ta yafito ni da hannu, ta kai ni bayan ɗaki ta nuna mini ruwa a moɗa. Ƴan tsutsotsi ne ke wutsil-wutsil a ciki.

Na ce, "Sai a gaya mata."

Ta ce, "To, Malam, ga ta can, je ka gaya mata."

Ban je ba.

Ta ce, "Ba ta da ɗa, ba ta da ido. In an ce mata ruwanta ya ɓaci, me ya rage mata? Ni dai ba da bakina ba."

Sai ta ajiye tulu a ɗakinta, ta tace ruwa ta sa masa jema daidai yadda Gwaggo ke sawa. Daga nan yara ke sha, daga nan nake sha, daga nan take cika moɗar Gwaggo ta kai mata. Randar kuma tana ɗiba da ludayi yadda za a ji ƙara, ta kai wa awaki, don ruwan ya riƙa raguwa. Gwaggo ta ci gaba da tacewa da turarawa da rufewa, tana tsaron ruwan da babu ɗan Adam ɗin da ke sha.

Tun shekarun da ciwon shawara ya yi ɓarna a garuruwan kogi Nasara suka sa ma'aikacin tsabta, wanda muke kira duba-gari, yana bi gida-gida yana leƙa randuna da tuluna, don sun ce daga tsutsar ruwa sauro ke fita, shi kuma ke yaɗa ciwon. Inda ya samu tsutsa sai a zubar da ruwan, ya yi alama da alli a jikin zaure, a kira maigida biro, wato ofishin hukuma. Wanda muka saba da shi ba ya duba randar Gwaggo. In ya gaji da yawon unguwa nan yake zuwa ya sha ruwa ya huta. A daminar nan aka yi masa canji, aka kawo wani saurayi daga ƙetaren kogi, Hausarsa ta kasuwa ce, da gardi, dogarin Nasara, a bayansa.

Da hantsi suka yi sallama, na shigo da su. Gwaggo tana zaune a wurinta.

Ta ce, "Wane ne mai takalmi a tsakar gidana?"

Gardin ya yi dariya. Saurayin ya dubi ƙafarsa, ya koma ya tuɓe. Ya ce, "Inna, aiki ne. Duba ruwa."

Ta ce, "Duba, ɗana. Amma da ludayin da ke rataye. Kada ka sa mini naka da ya gama shiga randunan gari."

Ya ɗiba da nata ya zuba a farin kwanonsa, ya fita rana ya duba. Maiɗakina tana tsaye a bayan Gwaggo, ta haɗa hannu biyu tana girgiza masa kai. Ya dubi kwanon, ya dube ta, ya dubi idon tsohuwar. Yaron kirki ne, Allah ya yi masa albarka, ya gane. Ya ce, "Ruwa yana da sanyi, Inna. Yana da ƙanshi."

Gwaggo ta ce, "Wanda ya gabace ka sha yake yi ya yi hamdala. Kai ban ji ka sha ba."

Saurayin ya sake duba kwanon.

Ta ce, "Me ka gani?"

Ya ce, "Inna, akwai ƴaƴan sauro. Da yawa."

Ta juya kai wajen da take jin numfashin maiɗakina ta ce, "Ƴar Bengu, zo ki duba ki gaya wa yaron nan gidan da ya shigo."

Maiɗakina ba ta motsa ba.

"Ƴar Bengu."

"Gaskiya ya faɗa, Gwaggo."

Saurayin ya ce a kwashe ruwan kawai, shi ba zai sa alli ba, bai ga komai ba. Gwaggo ta ce, "Gidan wasu kana sawa?" Ya ce yana sawa. Ta ce, "To sa." Ya fita ya yi ɗan ƙaramin zane can ƙasa kusa da dokin ƙofa, inda ya yi zaton ba za a lura ba. Kafin azahar unguwa duka ta lura. Wasu sun yi jimami, wasu kuwa waɗanda ta taɓa mayar wa ƙwarya sun sami abin hira. Na je biro aka ja mini kunne na dawo.

Na tarar Gwaggo ba ta tashi daga wurin ba, maiɗakina tana durƙushe a gabanta.

"Tun yaushe?"

"Tun farkon damina."

"Ruwan da kike ba ni fa?"

"Na tulun ɗakina ne."

"Sharar?"

"Ina bin baya."

"Kwanukan?"

"Ina sakewa."

Gwaggo ta gyaɗa kai ta ce, "Ashe kara kuka ba ni in yi doki, kamar yaro, kuna kallo."

Ban taɓa jin maiɗakina ta ɗaga mata murya ba sai ran nan. Ta ce, "To me kike so in yi, Gwaggo? In faɗa ki ce na raina ki, in yi shiru ki ce na yaudare ki. Aikin gidan nan sau biyu nake yinsa, ina yi ina sanɗa kamar ɓarauniya, ki farka ki ce mini malalaciya. Bayana ya ƙage, hannuna ya tsage. Ni ma mutum ce!"

Gwaggo ta lalubi ginshiƙin rumfa ta miƙe ta shiga ɗaki.

Daga ranar ba ta sake taɓa tsintsiya ba. Alwala kaɗai ke fito da ita. Randar ta bushe a wurinta. Zan faɗi gaskiya, aikin gida ya yi sauƙi, maiɗakina ta samu tana miƙe bayanta, gidan kuma tsaf. Amma tuwon da ake kai wa Gwaggo kusan yadda ya shiga yake fitowa. In na shiga gaishe ta sai ta amsa a taƙaice ta juya wa bango fuska. Muna kallo tana ƙanƙancewa. Maiɗakina ta ce, "Malam, abin da na guda ne ya zo, kuma ta hannuna."

Wata ranar kasuwa ƙawarta ta Tunuga ta biyo. Ina zaune a rumfa ina jin su.

"Tashi, ke tsohuwar banza. Ɗakin nan wari yake."

"Ƙarya kike. Hancina bai makance ba."

"To hannunki ne ya makance? Ke kaɗai ce kogi ya cinye wa ido? Tsofaffinmu nawa ne ba sa gani, ga su can suna gyaran taru, jikoki na nuna musu inda ya yage."

"Ni ba a nuna mini aiki."

"Shi ya sa kike ba mutane tsutsa."

Na ɗauka za a yi tashin hankali. Can na ji Gwaggo ta ce, "Kin zo da kifin ko surutu kawai kika kawo?"

Washegari bayan asuba ta fito ta tsaya a ƙofar ɗaki ta kira, "Ƴar Bengu! Kawo tsintsiya, ki zo ki tsaya nan." Maiɗakina ta kawo. Gwaggo ta ce, "Hannu nawa, ido naki. Inda na bari ki faɗa in koma. In kika sake rufa mini asiri ban yafe ba, duniya da lahira."

Haka aka koma yi. Gwaggo a duƙe tana shara, maiɗakina tana biye da ita. Da farko a hankali take faɗa, kamar mai neman gafara. "Da saura a gindin turmi, Gwaggo." Gwaggo ta ce, "Ɗaga murya, ba gulma kike yi ba." A kwanuka haka, a rariya haka. Ranar wankin randa maiɗakina ta tsuguna ta leƙa ciki, tana riƙe da gwiwar hannun Gwaggo daga waje tana juya shi, nan, can, ƙasa kaɗan. An sayo sabon faifai. Muka koma shan ruwan randa, Gwaggo kuma ta koma cin tuwonta da faɗanta.

Kada mai karatu ya ɗauka daɗi aka shiga. Sharar da a da ake gamawa kafin rana ta fito sai ta kai hantsi. Koko ya yi latti, yara su tafi makaranta da yunwa, ni in fita ban karya ba. Maiɗakina ta ce mini, "Da sau biyu nake yi, yanzu tsayuwa nake yi ina kallon aikin da zan gama kafin a daka gero, kuma wallahi tsayuwar ta fi cin rai." Wata rana su yi faɗa, Gwaggo ta ce ƙarya ake yi mata don a wahalar da ita, wurin nan ta share shi. Maiɗakina ta kama hannunta ta ɗora a kan ɓawon. Gwaggo ta yi tsaki ta share. Damina biyu aka yi a haka. Babu wadda ta huta a cikinsu, kuma babu wadda ta ce a bari.

Bana bayan an yi girbi ƙafafunta suka kumbura, numfashi ya yi mata wuya. Shara ta gagara, wanke-wanke ya gagara, ta sallama su ba gardama. Randar ce ta ƙi saki. Ranar wankin randar muka ce ta huta, ta ce a kai ta. Muka tallafe ta har gindin rumfa. Maiɗakina ta kwashe ruwan ta miƙa mata soso da toka. Ta zura hannu, ta jingina kumatunta da bakin randar, tana gogawa tana hutawa. Ƙarar sosan da a da ake ji har zaure, ran nan da ƙyar nake jinta ina tsaye a kanta.

Ta ce, "Ya fita?"

A zuciyata na so maiɗakina ta ce ya fita. Ta leƙa, ta daɗe tana leƙe. Ta ce, "Bai fita ba, Gwaggo. Da gansakuka a gindin."

Gwaggo ta sake zura hannu. Ta goga abin da Allah ya ba ta iko.

"Yanzu fa?"

Maiɗakina ta ce, "Bai fita ba."

Gwaggo ta zaro hannunta a hankali. Ta zauna tana mayar da numfashi, sosan yana ɗiga a cinyarta. Sannan ta miƙa shi, ba ma ta wajen da maiɗakina take ba. Maiɗakina ta zagayo ta tara hannu biyu.

Gwaggo ta ce, "Wanke hannunki tukuna, har kafaɗa."

"Na wanke, Gwaggo."

"Sake."

Ta je ta sake, ta dawo ta durƙusa, ta yi bisimilla ta zura hannunta cikin randar. Gwaggo ta jingina da ginshiƙi ta karkata kunne. Can ta ce, "Hagu." Can kuma ta ce, "A hankali, ba korar ki ake yi ba." Aka ɗauraye, aka tsane, aka turara, aka tace ruwa aka zuba. Ta ce a ba ta. Maiɗakina ta ɗiba da ludayi ta juye a moɗa ta sa mata a hannu. Ta sha, ta tsaya, ta ƙara sha har ta shanye.

Ta ce, "Jemar ta yi yawa." Ta miƙa moɗar. "Gobe ki rage. Ku kai ni ɗaki."

Muka kai ta. Ba ta sake fitowa da ƙafarta ba.

Ya Allah, ga baiwarka ta zo maka. Ta tsare mana abin da za mu sha iyakar ƙarfinta, da ƙarfin ya ƙare ta miƙa. Ka wanke ta daga kurakuranta, ka yafe mata zafin harshenta, ka mayar mata da ganinta, ka haɗa ta da ƴaƴan da ba ta iya ambata ba, ka shayar da ita daga tafkin Annabinka. Wanda wannan takarda ta isa hannunsa ya yi mata Fatiha, ya kuma sa da matar da ta tsaya mata a matsayin ido. Amin.